Tayoyin Sanyi na Baban Hadassa

Litinin, 18 ga Nuwamba 2013, ƙarfe biyar na yamma

Adwoa ce ta ba ni littafin nan. Ita ce 'yar Ganan da ke koya wa maigidana magana a gidan jinyar da aka kai shi bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki an kuma sallame shi daga asibiti. Ta ce duk kalmar da Chuwang ya furta a gabana in rubuta ta, da rana da lokaci, ko da "i" ce ko "a'a". Yau kwana tara littafin yana cikin jakata tare da man shafawa da katin bas, bai ga biro ba. Ni kuwa ba a ba ni farar takarda in zuba mata ido. Zan riƙa rubuta nawa kafin nasa ya iso.

Shekara ashirin da shida da aurenmu, ban taɓa yin abu a gaban mutumin nan bai gyara mini ba. Yadda nake yanka albasa, yadda nake rufe firij, har yadda nake ninke tawul. Yanzu ga shi zaune a bakin taga, hannun dama a kan cinya, ina ta zuba kamar rediyo, shi ko uffan. Adwoa ta ce maganar tana nan, ta ji ta da kunnenta a makon farko, nauyi kawai ta yi. Shi ne ya kulle bakinsa.

Ƙafar dai mun gode wa Allah. Yau ya taka daga gado zuwa ƙofa da sanda.

Kalmomin yau: babu.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Sun kira ni ofis. Za a yi zama a kansa ranar 19 ga Disamba. Idan zuwa ranar yana aiki da Adwoa, za su ci gaba da shi har ya koma gida. Idan kuwa har yanzu ya ƙi, ba za su riƙe masa gadon ba, sai a mayar da shi ginin baya, na masu dogon zama. Matar ta faɗa mini wannan tana murmushi, har da tura mini kwalin tishu, na tura mata abinta.

Na leƙa ginin bayan kafin in tafi. Akwai tsafta. Talabijin a kunne, mutum tara a gabanta, ba mai kallo. Ba zan ƙara rubuta komai a kansa ba.

Bas biyu na shiga kafin in iso unguwarmu Tompkinsville, awa ɗaya da rabi. Ƙafafuna sun kumbura, ga gobe sai na kasance a kicin ɗin makaranta ƙarfe shida da rabi. Motarsa kuwa tana nan gefen gida tana hutawa kamar amarya.

Asabar, 23 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Na tuƙa ta! Ni Kaneng, da hannuna. A Jos akori-kura za a ce mata, amma wannan ta haɗiye akori-kura biyu, sai da na ɗora filo a kujera sannan na hango titi. Ina da lasisi tun kafin 'yarmu Hadassa ta shiga sakandare, sai dai ƙaramar motata tana wurinta a Albany inda take karatu, wannan kuwa ko mabuɗinta ba ya bari in taɓa.

Kowace shekara, Asabar ɗin da ke kafin Thanksgiving, bikin godiya na ƙasar nan, Chuwang yana cire tayoyin zafi ya ɗaura na sanyi, masu manyan haƙora, saboda shi ke kwashe dusar ƙanƙara a filin cocinmu. Ko duniya za ta tashi ba ya ɗaga ranar. Na ce bana ma ba za a ɗaga ba. Ya sayi waɗansu tun watan Agusta wurin wani mutum a New Jersey, kowace da ƙarfenta, sati guda yana yabonsu a kan tebur.

Na kai wa Malam Mahamudu, mai facin taya a bayan Bay Street, abokinsa ne. Mutumin Zangon Kumasi ne, a bakinsa kowa namiji ne, har ni, har mota. Da ya ga ni ce na sauko daga kujerar direba sai ya cire hula ya riƙe. Maame yake ce mini, wato uwa a bakinsu.

"Maame, kai ne ka kawo shi? Daga gida?"

Na ce ni ce, kuma ban kashe kowa ba.

Minti arba'in ya gama. Ya biyo ni har gida ya sauke tayoyin zafin da kansa, ya jera su a jikin bango daidai inda motar ke kwana, ya rufe da tamfol, yadda mai su yake yi. Ya tambayi jikin abokinsa, na ce da sauƙi. Bai ƙara tambaya ba, Allah ya yi masa albarka.

Litinin, 25 ga Nuwamba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Minti ashirin da biyar daga ƙofar gida zuwa gidan jinya, har ina waƙar zumunta a kan Hylan Boulevard. Ina karya kan mota zan shiga ƙofar wurin sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta fara ƙyaftawa a gaban sitiyari. Ta yi ta ƙyaftawa kamar minti guda, sannan ta tsaya cak ta zuba mini ido. Siffarta kamar tukunya da muciya a tsaye a ciki.

Na lallaɓa can baya inda fili yake da yawa, don ni da ribas ba ma ga maciji, na sauko na zagaya motar sau biyu. Ba hayaƙi, ba wari, ba abin da ke ɗiga. Da na dawo gida na kashe ta, na sake kunnawa don in gwada, sai tukunyar ta ɓace kamar ba ita ba.

Ban gaya masa ba. Na ce masa dai an ɗaura tayoyin a ranarsu. Ya kalli agogon bango.

Kalmomin yau: babu.

Talata, 26 ga Nuwamba, ƙarfe biyar

Ta sake kunnuwa, a daidai ƙofar nan. A gida ta mutu.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Hadassa ta zo hutu. Na gasa talo-talo, na cika shi da yaji yadda zai san ya shigo gidan 'yan Filato, na dama gwaten acca na zuba wa babanta a kula. A hanya tukunyata ta yi halinta. Hadassa ta zaro littafin motar ta karanta, ta ce alamar iskar taya ce. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, kamar kullum. Muka tsaya a gidan mai ta auna duka huɗun, kowace cif.

Ya ci gwate cokali goma sha ɗaya. Hadassa ta ba shi labarin makaranta, da wata farfesarta mai zuwa aji da kare, yana kallon hannunsa. Da labari ya ƙare mata sai ta ce, "Daddy, motarka tana ba Mommy wahala, fitilar taya tana kunnuwa kuma iska lafiya lau."

Sai ya juyo. Ba ido kawai ba, kai gaba ɗaya. Ya dube ta, ya dube ni, leɓensa ya motsa. Na riƙe numfashi har kunnena ya fara ƙara. Can sai ya mayar da kansa taga.

Hadassa ba ta lura ba. Da muka shiga mota ta kifa kai a gwiwa, na bar ta ta gama, sannan na ce ta ɗaura bel. Ni dai abin da na gani na gani.

Lahadi, 1 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

Bakina ne ya jawo mini. Na ba wa mace ɗaya labarin fitilar kafin sujada, kafin a ce amin na ƙarshe ya kai kunnen Mama Yabo, shugabar zumuntar mata. Ta tare ni a bakin ƙofa, ta kama hannuwana biyu, ta kira ni Ngo, wato uwa a yarenmu.

"Ngo Kaneng, ki tsaya ki yi tunani. A gida ta mutu, a ƙofar asibiti ta kama. Me ya sa ba ta kamawa a kasuwa? Wannan ba aikin makanike ba ne."

Mata bakwai suka kewaye motar a cikin sanyin nan, kowa da ɗankwali a kan hular ulu. Mama Yabo ta shafa man zaitun a kan bonet, ta bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Na rufe ido ɗaya, ɗayan yana kan titi kada 'yan sanda su zaci hatsari aka yi. Addu'a ba ta yi wa kowa yawa, na ce amin da gaske.

Ta ce za su sake zuwa gaishe shi. Na ce likita ya hana taro. Likita bai hana ba, ni na hana. Wancan zuwan da suka yi a makon farko, ya yunƙura zai gaishe su, abin da ya fito ba shi ya aika ba, sai Mama Yabo ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka kamar an shigo da gawa, sauran suka taya ta. Mutumin da ke karanta sanarwa a coci shekara tara. Tun daga wannan ranar ne ya kulle baki. Na san ba da mugunta ta yi ba, amma har yanzu in na ga bakinta sai in kau da kai.

Yau ma ta kama a ƙofar, da man zaitun ɗin da komai.

Talata, 3 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Na biya wurin Malam Mahamudu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya shiga ciki ya fito da wata na'ura kamar tsohuwar wayar hannu, ya kara ta a bakin kowace taya. Sai ya fara dariya, har da dafa mota.

"Maame, mota nan ba shi da laifi kraa. Ciki kowane taya akwai ƙaramin sensa, shi ke gaya ma mota yaya iska yake. Na ciki taya sanyi nan, daga wani mota ne, shekara daban. Lamba shi daban. Shi na magana, mota ba shi ji."

Na ce to me ya sa take mutuwa a gida?

"Ina muka aje taya zafi?"

Na ce a jikin bango.

"Ehee! Mota ya dawo gida, ya ji murya tsofaffin abokan shi a ƙarƙashi tamfol, ya ce lafiya lau. Ka fita da shi, ya jira, ya jira, minti ashirin da wani abu bai ji kowa ba, sai ya kunna wuta. Asibiti nan minti nawa ne?"

Na ce ashirin da biyar. Muka yi dariya har wani Bature mai jiran faci ya fara taya mu ba tare da ya san dalili ba. Kaico, man zaitun ɗin Mama Yabo.

Ya ce mai motar ya sani sarai, tun Agusta ya ce masa zai kawo a sauya sensa kafin sanyi, shi Mahamudu ne ya manta ranar Asabar da na kawo motar, ya ba ni haƙuri. Zai yi odar waɗanda suka dace, kwana biyu sun iso, ya kwance tayoyin ya sa. Har ya ɗaga waya sai na riƙe masa hannun riga.

Na ce, "Malam Mahamudu, dakata tukuna. Kuma in ka je gaishe shi, ba ka san komai ba."

Ya dube ni ta saman tabarau ya daɗe. Ya ce, "Yoo," wato to. Ya mayar da wayar aljihu.

Alhamis, 5 ga Disamba, ƙarfe biyar da rabi

Na fara. Na zauna a gabansa na marairaice fuska.

"Baban Hadassa, tukunyar nan ta hana ni sukuni. Ni a ganina tunda tukunya ce, ruwa motar take so. Gobe zan buɗe gaban in zuba mata bokiti ɗaya, duk ramin da na gani."

Idonsa ya fito.

"Ko kuwa man birki ne? Akwai ragowar man gyaɗa a gida, ai mai mai ne."

Hannun hagu ya damƙe hannun kujera. Na ga maganar ta taho tun daga ƙirji, ta hau wuya, ta iso baki. Sai ya ja tsaki. Dogo, mai kyau, irin na da, wanda yake yi in na bar fitilar bayi a kunne.

Na fito da gudu na sami Adwoa a baranda na tambaye ta ko tsaki kalma ne. Ta ce a Kumasi jimla ce guda, in rubuta. Na gaya mata dabarata. Ta ce, "Anti Kaneng, ni ban ji ba, ban gani ba," ta wuce tana dariya.

Kalmomin yau: tsaki ɗaya.

Asabar, 7 ga Disamba, ƙarfe biyu na rana

Na ce masa wata a wurin aiki ta ba ni shawara in shafe fitilar da jan farce. Tsaki biyu. Ya ture kofin shayi, amma a hankali, bai zubar ba.

Na dawo ina waƙa. Na sayi kifi.

Talata, 10 ga Disamba, ƙarfe shida

Dusar farko. Tayoyin nan gaskiyarsa ne da ya yabe su, suna kama titi kamar an ɗinke su da shi. Ƙananan motoci suna ta rawa a kan Victory Boulevard, ni ina bisa filona ina wuce su.

Na zo masa da sabuwa, wai zan kai wa wani ɗan Rasha da ya ce zai yanke wayar fitilar da almakashi. Ko gezau. Na ƙara gishiri, na ce har da batir zai cire. Ya rufe ido. Ba barci yake ba, na san numfashin barcinsa.

Adwoa ta ce jiya ya zauna mata minti talatin yana kallon katunanta masu hoton kofi da kujera da kare. Ta miƙa masa biro ya rubuta da hagu, ya ajiye shi a ƙasa. Ta ce ba za ta iya rubuta abin da bai faru ba. Na ce ban roƙe ta ba.

Saura kwana tara.

Alhamis, 12 ga Disamba, ƙarfe biyar

Babu. Ko tsakin.

Asabar, 14 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

Tun safe dusa take zuba, ban je ba. Na buga waya aka kara masa a kunne, na yi ta surutu, ina jin hucinsa. Na ce wani daga cikin dattawa ya ɗauko 'yan kwangila su kwashe filin coci, nan da nan na yi da-na-sanin faɗa.

Na goge kicin, na goge firij, na ninke tawul duka yadda yake so, sannan na warware su na ninke yadda nake so. Ina jin haushinsa, bari in rubuta tunda ba mai karantawa. Ina jin haushinsa ƙwarai. Ni na tsaya a kansa a cikin motar asibiti, ni na koyi sunayen magunguna bakwai, ni nake hawa wannan gingimemiyar mota a kan filo. Shi abin da ake nema wurinsa ya buɗe baki ya ce "kofi". Saboda mata bakwai sun yi kuka zai bar ni ni kaɗai a gidan nan?

Na dafa shayi kofi biyu ban sani ba. Na shanye duka, ba a ɓarna.

Lahadi, 15 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Na gaya masa gaskiya. Ban shirya ba, fitowa ta yi. Na ce Mahamudu ya yi mini bayani tun ranar uku ga wata, sensa ne ba su dace ba, tayoyin zafi ne ke ruɗin motar a gida. Na ce ban zuba ruwa ba, ban zuba man gyaɗa ba, babu wani ɗan Rasha. Na ce so nake ya yi mini faɗa.

Ya kalle ni. Kallon bai yi kama da fushi ba, da fushi ne da na ji daɗi. Sai a lokacin na gane ya daɗe da sani, tun ranar almakashi ko kafin nan. Yana zaune yana kallon matarsa tana yi masa wasan da ake yi wa yaro don ya ci abinci.

Na ce, "Ka yi haƙuri." Ya ɗan gyaɗa kai. Na gyara masa bargo, ya bari.

Kunya ta hana ni kunna rediyo a hanya. Gobe zan ce wa Mahamudu ya yi odar.

Talata, 17 ga Disamba, ƙarfe bakwai na yamma

In rubutun ya karkace a yi haƙuri.

Na isa ƙarfe uku. Masu share fili sun tara duk dusar Asabar a can baya inda nake fakin, ta zama dutse, dole na dawo gaba wurin 'yan matsattsun layukan nan. Sau huɗu ina shiga ina fita, daga ƙarshe na bar ta a karkace ta cinye layi biyu, na ce wanda ya ji haushi ya zo ya gyara.

Na tarar da shi a bakin taga. Ban kawo labari ba yau, na zauna na ɓare masa lemo. Bai karɓa ba. Ya ƙura wa waje ido, har ya matso da kujera ya kusa manna goshi da gilashi. Sai na tuna tagarsa gaba take kallo. Rabonsa da ganin motar tun ranar Lahadin da ciwon ya kayar da shi.

Ƙarfe huɗu dusa ta fara saukowa, na ce bari in kama hanya kafin duhu. Na sa kot, na ɗauki jaka. Ina juyawa sai na ji an riƙe mini bel ɗin kot ta baya.

"Kaneng."

Ban juyo ba. Na ji tsoron in na juyo zai koma.

"Ta... taya."

Na ce, "Na sani, Baban Hadassa, an yi oda, jibi za..."

Ya fizgi bel ɗin har na yi baya. "A'a." Ya saki, ya nuna taga da hagu. Gumi a goshinsa, bakin ya ja gefe, yawu ya sauko, bai damu ya goge ba. "Baya. Ha... hagu. Ba iska." Ya ja numfashi. "Kar ki hau... titi."

Na leƙa. Ni dai taya na gani, baƙa, zagayayya, kamar sauran. Na sauka ƙasa ba hula. Da na tsuguna sai ga ta ta yi ciki, ta baje a ƙasa kamar an zauna a kan buhu, ga kan sukuru yana ƙyalli a tsakanin haƙoran. Ko kwana nawa yana ciki, oho. Fitilar ta saba yi mini ƙarya har na daina kallonta, motar kuma ba ta jin tayoyin da take tsaye a kai, balle ta gaya mini. Daga hawa na biyu, ta cikin gilashi da dusa, shi ya gani.

Na ɗaga kai. Yana tsaye. Ya dafa taga da hannu ɗaya, Adwoa a bayansa ta buɗe hannuwa kamar mai tare kaza.

Malam Mahamudu ya zo da jak da kayan faci cikin minti arba'in. Na koma sama ina haki. Adwoa ta jawo kujera ta zauna da takardarta a cinya, biro kawai ke tafiya. Chuwang yana kallon aikin daga sama yana ƙorafi. "Jak... ba nan ba." "A hankali." Wata kalmar sai ya yi mata hawa uku kafin ta fito, wata ta fito a juye ya sake ta. Ba wanda ya yi kuka. Na ciji cikin kumatuna har na ji gishiri, amma ban yi ba.

Da aka sauke motar ya koma kujera, ya huta, ya daɗe. Sannan ya juyo gare ni.

"Wa ya... koya miki... fakin?"

Adwoa ta tambaye ni me ya ce. Na fassara mata. Ta rubuta.

Alhamis, 19 ga Disamba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

An yi zaman. Mutum biyar a tebur, da kwalin tishu. Sun tambaye shi sunansa ya faɗa, sun tambaye shi inda yake so ya je ya faɗa, da Turanci, sau biyu don na farkon bai fita sosai ba. Zai ci gaba da Adwoa sati uku ko huɗu, kullum, sannan gida. Matar ofis ta turo mini kwalin, wannan karon na ɗiba.

Da muka koma ɗaki na gaya masa sensa sun iso shagon Mahamudu, gobe da na tashi aiki zan kai motar a sa su. Ya girgiza kai. Ya sa na buɗe durowar gefen gado na ɗauko takarda, ya zana mini da hagu inda yake ajiye gejin iska a ƙarƙashin kujerar direba. Ya ce kowace safiya, duka huɗun, kafin in tada mota. Sai da na maimaita masa.

Na ce, "To sensa ɗin fa? Fitilar haka za ta yi ta ci?"

Ya ce, "Bar ta." Ya nemi sauran maganar, na jira, ban taya shi ba.

"Ni zan... kai."

Na buga wa Mahamudu na ce ya ajiye su a kan kanta, mai motar yana zuwa.